Me ya sa jar ƙasar Mambila take buƙatar taki duk da yawan ruwanta?

Manomi daga Gumel: Assalamu alaikum. Na kai ziyara Gembu da ke kan tsaunin Mambila, na ga jar ƙasa mai zurfi da ciyawa kore shar, amma manoman can suka shaida mini cewa masara ba ta yin kirki sai da takin zamani, alhali rairayinmu yana ba da gero da ɗan takin gargajiya. Malamai, mene ne dalili?

Malamin gona daga Kazaure: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Asalin ƙasa dutse ne da ya ruɓe. Wani sashe na tsaunin Mambila, mai tsayin kusan mita 1,600, baƙin dutse ne na aman wuta wanda yake ɗauke da kalsiyam da maganiziyam da ƙarfe. Sai dai ruwan da yake sauka can ya ninka naku fiye da sau biyu, kuma cikin dubban shekaru ya wanke sinadaran da suke narkewa, ya bar tsatsar ƙarfe da alminiyam, tsatsar ƙarfen ce ta rina ƙasar ta yi ja. Irin wannan ƙasa tana da tsami, kuma tsatsar tana riƙe fosfaras ta hana saiwa sha, shi ya sa manomi zai zuba supa, wato takin zamani mai fosfaras, ya ga kamar bai zuba ba. Ganyen shayi kuwa ƙasa mai tsami yake so, don haka ya karɓi wurin.

Dattijo daga Ringim: Malam, bayaninka ya gamsar, amma ka bar rabin tambayar. Rairayinmu ma ba mai ƙarfi ba ne. Abin da yake taimakonsa shi ne ruwanmu bai kai ya wanke shi haka ba, sannan ƙurar hunturu da take tasowa daga wajen Chadi tana zuba masa kalsiyam da potasiyam kowace shekara, ga kashin dabbobi da tokar murhu da muke kaiwa gona.

Malamin gona daga Kazaure: Gaskiya ne, Baba. Alhaji, ka shaida wa mutanen Gembu su rage tsamin da farar ƙasa ko toka kafin shuka, kuma su sa supa a gindin shuka tare da takin shanu, kada su watsa shi ko'ina cikin gona.