Makin da masu sharhi ke ba wasannin bidiyo, shi ke hana a ɗauke su aikin fasaha?

Mai_Gyaran_Pad

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce da ni, ina son masu karatun cikinku su taya ni. Wannan salon da ake yi wa wasannin bidiyo sharhi, a ɗora musu maki 7 ko 8 cikin 10, yana da hannu wajen sa mutane ba sa yi musu kallon aikin fasaha irin yadda ake yi wa fim da littafi?

Sana'ata gidan gem ce, ina kuma gyaran pad, wato abin da ake riƙewa a buga gem, idan ya fara ja gefe guda. Kwastomomina kusan duk ƙwallo suke bugawa, wanda aka ci ya biya. Ni sai na rufe shago da dare nake buga nawa. Kwanaki na gama Shadow of the Colossus, wanda Fumito Ueda na Japan ya fitar a 2005 kan PS2. Saurayi ne ya ɗauko gawar wata yarinya a kan doki, aka ce masa ya kashe samudawa 16 za a dawo da ranta. Ba gari, ba mutane, daga kai sai dokinka a fili fetal. Kana hawa jikin basamuden kana riƙe da gashinsa yana girgiza ka, ƙarfin hannunka yana raguwa. Da ka caka masa takobin ƙarshe, maimakon kiɗan nasara sai a sako wani kiɗa mai karya zuciya, dabbar ta kife a hankali, wasu baƙaƙen zarurruka su fito daga jikinta su soke ka. Yawancinsu ma suna zaman zamansu ka je ka same su. Tun kafin in kai rabi na fara jin nauyin danna maɓallin, kuma ba wanda ya ce mini ina aikata laifi. Hannuna ne ya gaya mini.

Da na je neman abin da aka rubuta a kan wasan, akwai masu yabo sosai, ban ce babu ba. Amma tsarin yawancin sharhin ɗaya ne: kyan hoto maki kaza, sauti maki kaza, kyamara tana ba da wahala, hoton yana sarƙewa a PS2, awa nawa za ka ci kafin ka gama. Sak mai duba ragon layya, a buɗe haƙori, a taɓa ƙaho, a matsa kitse, a faɗi kuɗi.

Kuma makin nan ba wasa ba ne. Kamfanin Obsidian da ya yi Fallout: New Vegas a 2010 ya rasa ƙarin kuɗin da aka yi masa alkawari saboda wasan ya samu 84 a Metacritic, shafin da ke tattara makin masu sharhi ya fitar da matsakaici, alhali yarjejeniyar ta ce sai 85. Maki ɗaya tak. To wanda ya san abincin ma'aikatansa na rataye a wuyan lamba, anya zai yi gangancin gwada sabon abu da zai raba kan masu sharhi? Wannan ita ce damuwata. Me kuka gani?

Malamin_Adabi

Wa alaikumus salam. Malam mai pad, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, don haka ka yi haƙuri da tsawon bayani.

Amsata ita ce e, masu sharhi suna da hannu dumu-dumu. Fim ma ba a haife shi da rawani ba. An daɗe ana yi masa kallon abin kashe lokaci. A Faransa mujallar Cahiers du cinéma da aka kafa a 1951 ta tara matasa irin su Truffaut da Godard, suka dage cewa daraktan fim marubuci ne, kyamara ce alƙalaminsa. Su suka ɗauko darakta Hitchcock, wanda a Amurka ake ɗauka mai tsorata mutane don neman kuɗi, suka yi ta tsefe aikinsa har duniya ta yarda gwani ne. Fina-finansa ba su canja ba. Bakin da ake maganarsu da shi ne ya canja.

Mu ma nan mun gani. A shekarun 1990 aka laƙa wa littattafan matasanmu suna Adabin Kasuwar Kano, Ibrahim Malumfashi yana suka, Abdalla Uba Adamu yana kārewa, ana ta fafatawa a jarida. Ko wane ɓangare mutum ya bi, wannan cacar bakin tana cikin abin da ya ja littattafan zuwa teburin nazari a jami'a. Suka mai zurfi ma girmamawa ce, don ba ka ɓata tawada a kan abin da ka rena.

Shi ya sa ba na jin haushin Roger Ebert kamar yadda 'yan gem suke ji. A lokacin rayuwarsa babban mai sharhin fim ne a jaridar Chicago Sun-Times, ya ci kyautar Pulitzer a 1975. A 2005 ya ce wasannin bidiyo ba su kai fim da adabi ba, a Afrilun 2010 ya sake nanatawa da kakkausar murya. Hujjarsa ita ce aikin fasaha yana buƙatar mai shi ya riƙe linzami, shi kuwa wasa ana miƙa wa ɗan wasa zaɓi, ga dokoki, ga maki, ga ci da faɗuwa. Dubban mutane suka yi masa ca, bayan 'yan watanni ya ce bai kamata ya yanke hukunci kan abin da bai buga ba. Ban yarda da hujjarsa ba, labarin samudawanka ma ya isa ya rusa ta, don Ueda da hannunka ya yi amfani ya isar da saƙonsa. Amma dai Ebert ya yi wa wasanni tambayar da ake yi wa fasaha, wadda masu raba maki ba sa yi.

In kana son ganin irin sharhin da nake nufi, nemi abin da mai ƙirƙirar wasanni Clint Hocking ya rubuta a 2007 kan wasan BioShock. Ya nuna yadda dokokin wasan ke ba ka damar son kai, ka cuci wasu ka ƙara ƙarfi, shi kuma labarin ya tilasta maka taimakon wani ba tare da zaɓi ba, sai biyun suka yi hannun riga. Bai ba da maki ko ɗaya ba, amma har yau masu ƙirƙirar wasanni suna kafa hujja da rubutun.

YarBirni_PS5

Malam, da girmanka, ni fa ban bi ka ba. Kun ɗora wa masu sharhi kayan da ba nasu ba.

A Yunin 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara wasanni masu zubar da jini, alƙalai 7 suka rinjayi 2. Alƙali Scalia da ya rubuta hukuncin ya ce wasanni suna isar da tunani kamar littafi da fim da wasan kwaikwayo, don haka kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki ta hau kansu. Ba makin shafin sharhin wasanni na IGN ya duba ba. A 2012 gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya shigar da wasanni 14 cikin taskarsa, har da Pac-Man da Tetris da Portal. A 2020 gwamnatin Poland ta sanar da sa This War of Mine cikin jerin abubuwan da ɗaliban sakandare za su iya nazarta, wasan da kake riƙe da fararen hula a garin da aka yi wa ƙawanya, kana zaɓa tsakanin satar maganin wasu tsofaffi ko barin naka ya mutu. Duk wannan ya faru ana tsaka da raba 8 cikin 10. Me makin ya hana?

Sannan ku tuna da aljihu. Sabon wasa yanzu dala 70 ne, ku juya shi naira, ku ƙara kuɗin datar sauke shi. Ni kafin in saya, abin da nake son sani shi ne yana aiki ko ba ya aiki. Lokacin da wasan Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020, na kwamfuta kaɗai aka ba masu sharhi kafin fitowa, suka zuba masa maki mai tsoka. Masu PS4 suka saya suka tarar da abu yana ta sarƙewa yana mutuwa, har Sony ta cire shi daga shagonta ta mayar wa mutane kuɗinsu. A ranar ba falsafa mutane suka rasa ba, mai duba haƙorin ragon da Yaya mai pad yake rainawa suka rasa.

Sarkin_Fenariti

Ku dai kuna da lokaci wallahi. Ni ban taɓa karanta sharhin gem ba, duk shekara ƙwallona nake saya ko da 2 cikin 10 aka ba shi. Oga mai pad, ka gyara R2 na pad ɗin kusa da ƙofa, shi ne fasahar da muke jira.

Mai_Gyaran_Pad

Sarki, pad lafiyarsa lau, hannunka ne ba ya ci.

'Yar'uwa, maganar Cyberpunk ta shige ni, amma ina ganin ni ta fi taimaka wa. Me ya sa kamfani zai iya zaɓar abin da mai sharhi zai gani da ranar da zai yi magana? Saboda shafukan nan da tallar kamfanonin suke rayuwa, kuma duk wanda bai saki sharhinsa ranar farko ba ya rasa masu karatu. Mutum ya hadiye wasan awa 60 cikin 'yan kwanaki ba barci, yaushe zai zauna ya yi tunanin me wasan yake cewa? A 2007 kafar sharhin wasanni ta GameSpot ta sallami mai sharhinta Jeff Gerstmann bayan ya ba wasan Kane & Lynch maki 6, a daidai lokacin da tallar wasan ta lulluɓe shafin, kuma a 2012 shi da kansa ya tabbatar matsin masu talla na cikin dalilin. Su ma 'yan wasan ba su da dama, ka ba abin da suke so 7 sai su yi maka rubdugu kamar ka zagi iyayensu. Kafar sharhin wasanni ta Eurogamer ta gaji ta daina ba da maki a 2015, a 2023 ta dawo da taurari. Kenan kasuwar ce ba ta barin su.

Ni ban ce a daina gaya wa mai saye ko abu na aiki ba. Cewa nake kada ya zama shi ke nan abin da ake iya faɗa.

Malamin_Adabi

'Yata, ƙaramin gyara kan MoMA. Sashen gine-gine da tsara kayayyaki ne ya karɓi wasannin, ƙarƙashin Paola Antonelli, sashen da ke ajiye kujeru da fitilu, kuma sun bayyana cewa tsarin mu'amalar ɗan wasa da na'ura suka duba. Duk da haka Jonathan Jones na jaridar Guardian ya fito ya ce sam ba fasaha ba ne. Ita kuma kotu cewa ta yi gwamnati ba ta da ikon hanawa, ba ta ce abin yana da kyau ba, don kariyar nan har shirme tana rufewa. Wanda zai zauna ya bambance gwaninta da shirme, ya faɗi dalili, har yanzu mai sharhi ne.

Malam mai pad, tunda kana son irin wasan da hannu ke jin nauyi, gwada Papers, Please na Lucas Pope, 2013. Jami'in kan iyaka ne kai, kana buga hatimi a fasfo, ana biyanka gwargwadon mutanen da ka sallama, ga haya ga abinci ga yaro ba lafiya. Sai wani mutum ya wuce da takardunsa cif, ya roƙe ka ka tausaya wa matarsa da ke bayansa, ita kuma takardunta ba su cika ba. Yana nan a waya tun 2022, ba ya cin data sosai. In ka gama ka rubuto mana abin da ka yi da matar, ba ma son maki.