Don Allah a ba ni shawara kan sa diflok a gaban Jimny

Baban Hanan (Jidda):
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin mota ku taimaka min kaina ya kulle. Ina da Suzuki Jimny 2014, mai injin 1.3, na saye ta a hannun wani Bayamale, asali ma ba ita na je saye ba Hilux nake nema, to kuɗin da na tara sai rabi ya tafi sabunta iƙamar iyali (takardar izinin zama a Saudiyya), ga kuɗin haya, uwargida kuma tun ranar da na shigo da ita take cewa motar ba ta ɗaukar mu da yara, wanda gaskiya ne amma ni don aiki na saya, ina kai wa masu tsaron raƙuman kafil ɗina (ubangidan da nake zaune a ƙasar da sunansa) kayan abinci can bayan Usfan. To ranar Juma'a na ɗauki yayan matata da ya zo Umra na ce bari in nuna masa daji, motar nan ta kafe min a rairayi, ina cikin dabal, wato giyar da ƙafa huɗu ke ja, amma ba ta motsa ba sai tono take, har sai da wasu samari 'yan ƙasa suka ja mu da igiya suna dariya. Wlh na ji kunya. Shi ne wani abokina ya sayar min da diflok na gaba, abin da ke ɗaure ƙafafu biyu su juya tare, irin mai kama kansa ɗin nan ba mai maɓalli ba, sabo a kwalinsa, na riga na biya. Yanzu warsha (garejin gyaran mota) ɗaya sun ce za su ɗaura, ɗayar sun ce kar in kuskura. Ya zan yi?

Dogo Makanike (Sana'iyya):
Wa alaikumus salam. Baban Hanan ka ba mu labarin suruki da haya amma ba ka faɗi abin da ake buƙata ba: wace taya ce a motar, iska nawa, wace ƙafa ce take juyawa da ka kafe. Duk da haka amsata ita ce kar ka ɗaura. Difaransa na asali yana raba ƙarfi daidai ne tsakanin ƙafa biyu, in ɗaya ta rasa riƙo sai ta yi ta wulwulawa ɗayar ta tsaya. Diflok yana ɗaure su su juya tare. A ƙafafun baya wannan lafiya lau, a gaba kuwa ƙafafun nan su ne sitiyarinka. Mai kama kansa da zarar ka taka totur ya kulle, sitiyari ya yi nauyi, kana karya kwana mota tana son miƙewa, kuma ba ka da maɓallin da za ka ce masa saki. Na biyu, aks ɗin gaban Jimny, ƙarfen da ke kai ƙarfi ga ƙafa, siriri ne, yana da gwiwa a bakin ƙafa, ranar da ƙafa ɗaya ta ɗaga sama ɗayar ta ciji dutse ka murɗe sitiyari ƙarshe, duk ƙarfin kan gwiwa ɗaya zai sauka, ƙas za ka ji. In dole sai gaba to mai iska irin na kamfanin ARB da kwamfuresa, ko mai lantarki, ka kunna ka kashe lokacin da ka so.

Baban Hanan:
Malam Dogo na gode, amma abokin nawa ya ce a 2H, giyar da ƙafafun baya kaɗai ke ja, ba a ma jin sa tunda ƙafafun gaba a sake suke, ni kuma kwalta a 2H nake bi. Mai iskan ai ya kusa kuɗin hayata na wata da watanni.

Dogo Makanike:
A 2H gaskiya ya faɗa. To a 2H ka kafe?

Ɗan Gadarif:
Ya jama'a wai diflok a rairayi? Mu a Sudan da tsohuwar Land Cruiser muke ratsa laka da damina babu wani diflok, sai hankali. Ka sauke iskar taya zuwa PSI 15, ka shiga da giya ta biyu kar ka tsaya kar ka murɗe da ƙarfi. Jimny ba ta fi tan ɗaya da 'yan kai ba, yawo take a saman yashi in an sauke mata iska. Na rantse da iskar kwalta ka shiga.

Baban Hanan:
Na rage kaɗan mana. Ba ni da abin awo ne da ido na duba.

Kawu na Madina:
Ɗana ka yi hattara da warsha kawai. Ni wata warsha na kai motata canjin man difaransa kaɗai, yaron ya bar murfin bai ɗaure ba, ina hanyar Yanbu na ji kuka kamar ana niƙa, haƙora duk sun cinye. Na koma mai wurin ya ce shi bai san ni ba, rasit ma bai ba ni ba balle in kai ƙara. Har yau ɗan uwanmu da ya kai ni wurin ba ma gaisawa sosai. Allah ya isa dai.

Abu Yasir (Riyad):
Da girmamawa ga Malam Dogo amma ya cika tsoratarwa. Akwai masu shi a gaba muna fita rairayin Sumama kusa da Riyad tare, ba wanda aks ɗinsa ya karye, wanda ke karyawa mai ƙaton taya ne da ƙafa mai nauyi. Kuma mai kama kansa a gaba ya fi daɗi a kan a baya ga motar da ake zuwa aiki da ita, don na baya kullum yana aiki, kana shan shataletale kana jin ƙas ƙas, ga Jimny gajera. Ka ɗaura abinka tunda ka biya.

Dogo Makanike:
Abu Yasir ku kuna fita ne ayari da igiya da winci, wannan bawan Allah shi kaɗai yake shiga bayan Usfan da buhun shinkafa. Kuma ku bar ni in faɗi abin da ba wanda ya tambaya. Jimny irin tasa hob ɗin ƙafafun gaba, abin da ke haɗa ƙafa da aks, da zuƙar iskar inji suke kamawa, akwai siraran tiyo da ke zuwa kowace ƙafa, zafin nan namu yana busar da su su tsage. Hob ɗaya ya ƙi kamawa shi ke nan gaba ba ya ja ko kaɗan, kai kana ganin kana dabal alhali baya kaɗai ke tura ka. Ni inaga abin da ya same ka ke nan. In ka ɗaura diflok a haka ƙafa ɗaya za ta riƙa ja ta fizge maka sitiyari gefe. A ɗaga motar a sa dabal a juya ƙafa da hannu a ga ko farfelar gaba, sandar da ke kai ƙarfi ga difaransan gaba, tana bi, aikin minti goma ne. In hob ne a gyara tiyo ko a sa na hannu.

Baban Hanan:
A'a dabal ɗina lafiya yake, fitilar tana kamawa a dashbod, Bayamalen ma ya ce bai taɓa ba shi matsala ba.

Dogo Makanike:
Mai sayarwa ya ce. To madalla.

Ummu Sultan (Makka):
Ni dai ban san mota ba amma Baban Hanan maganar uwargida fa? Mai gidanmu ma haka ya zuba kuɗi a mota, fitilu, taya, ƙarfen saman nan, ƙarshe ya sayar da asara muna ji muna gani. Ka mayar wa abokin kayansa.

Ɗan Gadarif:
Ka sayi abin awon iska da ƙaramin kwamfuresa da shebur tukuna.

Baban Hanan:
Na gode duka Allah ya saka. Mayarwa ba zai yiwu ba don ya riga ya tura kuɗin zuwa Kano. Kuma ba rairayi kaɗai ba ne hanyar, akwai wani kwari mai duwatsu da ƙafa ke ɗagawa, shi ya sa nake ganin zai yi min amfani. Warshar farko sun ce in kawo ranar Asabar. Abin da nake so in sani yanzu, in an ɗaura zai hana ni wuce fahas (gwajin lafiyar mota na hukuma) in istimara, takardar rajistar mota, ta ƙare? Kuma man da ke cikin difaransa za a mayar ko sai sabo?

Abu Yasir:
Sabo mana. Wai kwalin ma ka duba na Jimny ne ko na Suzuki Samurai? Turo hoto mu gani.