Neman kalma: shafen waje na siminti, da sabon nan mai tare zafi

'Yar Rediyo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da shirin gine-gine ranar Alhamis da dare, baƙona injiniya ne wanda ya yi karatunsa da Faransanci, ni ce zan juya wa masu saurare. Maganarsa zaɓi ce tsakanin abu biyu da ake yi wa bayan bango. Na farko enduit ko crépi, wanda masu Ingilishi ke kira situko. Na biyu ya rubuta ITE, isolation thermique par l'extérieur, wato a manna wa bango faifan folistiren ta waje, a bi shi da raga da shafe siriri. Na farkon ina jin "shafe" ya isa. Na biyun ne ya tsaya mini a wuya. Ina so kafin Laraba da yamma don Allah.

Ɗan Zengu: Wa alaikumus salam. Na farko ai yaɓe ne, Hajiya. Na biyu yaɓen Turawa. An gama.

Baba Magini: Ɗana ne ke rubuta mini. Ɗiyata, kada ki ce yaɓe. Yaɓe da ƙasa ake yi, a kwaɓa da ciyawa ta kwana, a ɗiba da hannu a maka wa bango kafin damina. In kika ce yaɓe a rediyo, duk mai gidan ƙasa a unguwar Birni ta Damagaram zai ɗauka da shi kike. Na siminti shafe ne, kuma hawa uku ne in ana son aiki. Na fari ruwa-ruwa ake watsa shi don ya kama bulo, a bar shi da kaushi. Na biyu shi ne jiki, shi ke daidaita bango. Na uku shi ne fuska, ko a goge shi sumul ko a fesa da injin hannu, wanda muke ce wa tiroliyan. Duka ukun ba su wuce santi 2 ko da ɗan ɗoriya ba. Sai a yi ta ba shi ruwa safe da yamma na wasu kwanaki. Nan ne ake cutar mutane a garin nan, don ruwan garuwa da tsada, sai yara su watsa bokiti ɗaya su tafi. Bayan wata guda ka ga bango ya tsattsage, ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo.

'Yar Rediyo: Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na rubuta "shafen siminti", na tiroliyan kuma "shafen feshi". Saura na biyu.

Injiniya Karkada: Kafin a raɗa suna bari a san jaririn. Abin nan ba shafe ba ne, ko da yake daga nesa ido ba ya bambanta su. Bango yana nan yadda yake. A shafa kol, wato gam, a manna faifan folistiren, farin abin nan mara nauyi da ke zuwa cikin kwalin firiji ko talabijin, a ƙara ɗaure shi da ƙusoshin roba. A bi da shafe na 'yan milimita, a nutsa ragar zaren gilashi a cikinsa tun yana ɗanye, sannan a yi fuska mai launi. A Jamus aka fara shi bayan yaƙin duniya na biyu, ya shiga Amurka a 1969. Amfaninsa ɗaya ne: faifai mai kaurin santi 5 yana tare zafi fiye da bulo mai rami na santi 15 ninki biyar ko fiye. Shafen siminti kuwa ruwa da iska yake karewa, zafi ratsa shi yake kamar babu shi. Don haka duk sunan da za a sa, dole a ji "zafi" a cikinsa. Ni na ce "rigar bango mai tare zafi".

Malamin Hausa: Injiniya, wannan ba suna ba ne, jimla ce. Kalma biyar! Wane maso ne zai tsaya a shantiye yana cewa a miƙo masa rigar bango mai tare zafi? Alhali kalmar tana nan a gidanmu, mun manta da ita ne kawai. LIFIDI. Lifidin da barade ke sa wa kansu da dawakinsu: ƙyalle a waje, auduga a tsakiya, a ɗinke su tare. Mai taushi a ciki, fuska a waje, an lulluɓe jiki da shi don kariya. Ku duba bayanin da Injiniya ya yi yanzu ku gaya mini inda ya saɓa. "Lifidin bango." Kalma biyu, Hausa tsantsa, kuma ta Damagaram, ƙasar dawaki.

Ɗan Zengu: Kai, wannan ta yi daɗi Malam.

'Yar Garin Malam: Allah ya gafarta Malam, ta yi daɗi a kunne amma na tambayi ƙannena biyu da ke lise, babu wanda ya san lifidi. Ɗaya ya ce ko wani magani ne.

Malamin Hausa: To laifin wa? Shi ya sa nake so a faɗe ta a rediyo. Yaro bai san lifidi ba amma ya san kilimatizer, ya san shantiye, ya san kuran. Tun 2025 takardar sake gina ƙasa ta Nijar ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. In harshen ƙasa ba zai iya raɗa wa bango suna ba sai ya ari bakin wasu, me aka yi ke nan? Kowace kalma da muka bari ta mutu, da hannunmu muka binne ta.

Bakano a Sabon Gari: Malam ni fa ban ga abin wahala ba. Mu a Kano filasta muke cewa, kowa ya gane. Wannan sabon a ce "filasta mai soso". Hausar da ake rubutawa ai ta Kano ce, da ita aka yi ƙamus, da ita ake labarai.

Malamin Hausa: Filasta Ingilishi ne aka karya wa ƙafa. Ka zo Damagaram kana koya mana Hausa da Turanci? Shafe yana nan tun kafin Bature ya san hanyar Kano.

Bakano a Sabon Gari: Ku da kuke cewa lakwal da mushe, Malam? Siminti da kuka amince da shi yanzu a "shafen siminti" daga wace unguwa ya fito, Birni ko Zengu?

Malamin Hausa: Abin da ya shigo ba mu da shi, mun karɓe shi da sunansa. Abin da muke da sunansa kuwa ba mu da uzuri. Bambancin ke nan.

'Yar Rediyo: Don Allah iyayena da yayyena, Laraba tana matsowa. Masu saurarenmu har Matamai da Magariya, wasu ma a hayin iyaka suke kama mu. Ba na son kalmar da za ta raba su.

Injiniya Karkada: Malam, da girmamawa, matsalata da lifidi ba ta tsufanta ba ce. Mai jin "lifidi" ƙarfi zai ji, abin da kibiya ba ta hudawa. Wannan kuwa rauninsa ke nan. Shafen siminti ka jingina masa amalanke, ka ɗaure akuya a gindinsa, yara su yi ta dukansa da ƙwallo, ba abin da zai same shi. Wancan shafen 'yan milimita ne a kan abu mai taushi. Hannun babur ya doke shi sai ya lotsa, ya huje. In ya huje ruwa ya samu ƙofa. Ita ma gara ba cin folistiren take ba amma tana yin hanya a cikinsa ta hau har rufi ba wanda ya gani, shi ya sa ba a kai shi har ƙasa, sai a tsayar da shi sama da daɓe. In mutum ya kashe kuɗinsa yana zaton sulke ya saya, mu muka ruɗe shi.

Malamin Hausa: Ban ce sulke ba, lifidi na ce. Ka ga kai ma ka haɗa su. Sulke ƙarfe ne, lifidi auduga.

'Yar Garin Malam: Ni wata tambaya ce. Ba irin wannan ne ya ƙone dogon benen nan na Landan ba?

Injiniya Karkada: Grenfell kike nufi, a 2017, mutum 72 suka rasu. Wancan wani tsari ne daban, faifan alminiyom mai roba a tsakiya da aka rataya da fili a bayansa. Amma tambayarki tana kan hanya, folistiren yana cin wuta yana narkewa. Akwai mai yin sa da audugar dutse wadda ba ta kamawa, sai dai ta fi nauyi da tsada. Abin da ya faru da wannan tsarin namu kuwa ruwa ne. Wajen 1995 a Wilminton, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, aka gano gidaje da yawa katakonsu ya ruɓe a bayan faifan. Ruwa na shiga ta gefen taga, ba shi da mafita. Daga nan aka koma yin sa da hanyar tsiyayewa a baya. Mu ruwanmu na 'yan watanni ne, amma kun san na Agusta yadda yake zuwa da iska a kwance yana dukan bangon gabas.

Baba Magini: Yauwa, nan nake jira. Ɗiyata, ko wane suna kuka sa, ki faɗa da babbar murya cewa ba na ginin ƙasa ba ne. Ko simintin ma da ake shafa wa ƙasa, ni ina ganin abin da yake yi. Ƙasa tana shan ruwa tana fitarwa, siminti ba ya tafiya tare da ita. Sai a buga ƙusoshi ko a ɗaura giriyaj, wato ragar waya, don ya kama, shekara kaɗan ruwa ya bi ta wajen indararo ya shiga baya, ƙasar ta jiƙe a ɓoye. Wata rana sai ka ga falle guda kamar tabarma ya ɓalle ya faɗo, bangon da ke ciki ya zaizaye. To ina ga an lulluɓe shi da abin da iska ba ta ratsawa? Iyayenmu makuba suke yi, ɓawon ɗorawa a jiƙa a kwaɓa ƙasa da ruwansa. Mai hali ya yi laso, katsin marina da gashin majema da dafara. Da su aka riƙe gidajen Birni masu zane a fuska, kuma bango na numfashi.

Injiniya Karkada: Gaskiya ne Baba. Kuma Hajiya ki raba kalma biyu a shirin: tarewa da jinkirtawa. Katangar ƙasa mai kauri ba tare zafi take ba, shanye shi take ta riƙe, sai dare ta sake shi. Shi ya sa soro ke da sanyi da azahar a watan Afrilu, da dare kuma a fito tsakar gida. Faifan shi tarewa yake. Inda yake biyan kuɗinsa shi ne ginin bulo mai kilim, asibiti ko buro ko ɗakin ajiyar magani, musamman bangon yamma. Mai ɗaki da rufin tol, wato kwano, babu silin kuwa, ya fara da sama. Ta can mafi yawan zafin ke sauka, in ya manna wa bango faifai ya bar tol tsirara ya yi asara.

Malamin Hausa: Duk wannan ilimi ne kuma na ƙaru. Amma ba a ba ni dalilin da zai sa a ƙi lifidi ba, sai cewa yara ba su sani ba. Makuba da laso da Baba ya ambata, yaran sun san su? A daina faɗarsu ke nan?

Ɗan Zengu: A nan Malam ya yi gaskiya fa.

'Yar Garin Malam: Makuba sunan abin ne da kansa, in ba a sani ba sai a nuna. Lifidi aro za a yi masa, sai an bayyana doki kafin a zo bango. Minti nawa ne shirin gaba ɗaya?

'Yar Rediyo: Minti talatin, har da kiran waya. Ga abin da zan yi. Na farko "shafen siminti". Na biyu zan buɗe da na Injiniya cikakke sau ɗaya, "rigar bango mai tare zafi", daga nan in riƙa cewa "rigar bango". Zan ce wani malaminmu ya ba da shawarar "lifidin bango", in bar masu kira su faɗi wanda ya fi zauna musu. Gargaɗin Baba kan ginin ƙasa da maganar rufi su ne zan sa a gaba.

Malamin Hausa: Riga kowa na sawa, har fenti ma riga ce. Ba ta ce komai ba. Amma shirinki ne. Ki dai faɗi lifidin da kyau, kada ki wuce shi da gudu, kuma ki ce auduga ce a tsakiya don su ga kamar. Ni a aji lifidi zan koyar.

Bakano a Sabon Gari: Masu sayarwa dai in kaya ya zo, da sunan da ke jikin kwali za su kira shi.

'Yar Rediyo: Saura folistiren ɗin kansa. "Soso" zan ce?

Injiniya Karkada: A'a, soso yana shan ruwa, za su ɗauka katifa ce. Ki ce folistiren, ki ƙara da "farin abin cikin kwalin firiji". Ragar kuma kada ki ce giriyaj, maso zai je ya sayo ta waya.

Baba Magini: Raga dai. In ya zo wurina zan nuna masa wadda ake nufi.