Musayar Waƙa: Gane Kifayen Teku ga Matafiyan Maraɗi

Malam na Bagalam:

Da sunan Allah nake farawa,
Mai teku, Mai gulbi, Mai shayarwa.

Mutanenmu na zuwa Jidda da Dubai,
Lome da Kwatano, ana kai da kawowa.

Su ɗauko hoton kifi su turo mana,
"Mi ne wanga?" suke tambayawa.

An ɗauka ta sama, an yanke bindi,
Ko Sarkin Ruwa ba ya ganewa.

Ka kwantar da shi a gefe guda,
Baki har bindi duk ana hangowa.

In matacce ne ka miƙe ƙayar baya,
Da tsinke, ba da yatsa ake ɗagawa.

Ka aza katin banki dab da cikinsa,
Santimita 8 da rabi, ya isa gwadawa.

Hoto na biyu na baki da haƙora,
Na ukku na bindi, ko yana rabewa.

Rubuta gari da watan da ka gan shi,
Yashi ne ko dutsen murjani yake zagawa.

Kar ka dogara ga launi, ɗan'uwa,
Shi ne farkon abin da ke ruɗarwa.

Ja, in an nutsa kamar mita 5,
Sai ya koma toka-toka, yana dushewa.

Kifi in ya mutu ya jima kan tebur,
Shuɗi da rawaya suna koɗewa.

Akwai mai zoben shuɗi yana ƙarami,
In ya girma layin rawaya ke fitowa.

Gilashin iyo yana ƙara girma,
Kashi 1 cikin 3 yake daɗawa.

Wanda ka rantse ya kai santimita 40,
30 ne in an zo aunawa.

Baba na Madarunfa, ga fili nan,
Ku kuka san kifi tun yana ruwa.

Baba masunci, Madarunfa:

Malam, Allah shi saka da alheri,
Ka kafa tushe, ka gyara tsari,
Ni zan ɗora da sannu, ba sauri,
Da mai kumburin ciki, babban mai laifi.

Talibamban na Kwara da Tafkin Cadi,
Yana da dangi a teku mai faɗi,
Ya kumbura ciki, shi ne nasa gadi,
Ba shi da ɓawo irin na sauran kifi.

Ɗaga leɓensa ka dubi haƙora,
Guda 4 ne cif, ba a ƙara,
Biyu sama, biyu ƙasa, ka lura,
Tsaga a tsakiya, bakinsu da kaifi.

In ƙayoyi dogaye suka rufe jiki,
Su miƙe tsaye in ya cika ciki,
Haƙori 2 kacal gare shi a baki,
Dangi ne, shi ma a bar shi ya fi.

Gubar tana hanta da ƙwai da fata,
Tafasa da suya ba su kashe ta,
Har yau ba a samu makarinta,
Leɓe ya mace, numfashi ya rasa ƙarfi.

Kar a gama shi da mai bakin aku,
Kore da shuɗi, yana kiwo a teku,
Ɓawonsa manya, ku duba da kanku,
Murjani yake gurgura har zurfi.

A Kwatano in an tara su a kwano,
Barakuda ba wuya a gano,
Haƙoransa tsage za ka tuno,
Amma a tsawo ya zarce na rafi.

Haɓar ƙasa ta wuce ta sama gaba,
Fiffike 2 a baya, an raba,
Tazara mai yawa tsakani, ka duba,
Na biyun tsage ɗan tsoka ne ba kaifi.

Kunamar ruwa ta Binuwai an san ta,
Ta Bahar Maliya ga alamarta,
Ɗigon shuɗi, layi 2 a bindinta,
A nan ƙayarta take, cike da dafi.

Tana kwance a binne cikin yashi,
Ja ƙafa, kar ka ɗaga, sai ta tashi,
Wanda ya taka ta, ita ka soke shi,
Ɗiyata ta Tibiri, mi ke maganin zafi?

Ma'aikaciyar jinya, Tibiri:

Baba, ina gaisuwa, na ji kira,
Ba zan ƙi amsa kiran uba ba.

Kafin kunama akwai wanda ya fi ta,
Kifin dutse, wanda ba a cika gani ba.

Santimita 30 zuwa 40 tsawonsa,
Bai yi kama da abu mai rai ba.

Fata duk ƙuraje, gansakuka ta hau,
Ko ka matso ba zai gudu ba.

Baki sama yake kallo, idanu ma sama,
In ba su ka gano ba, ba ka gan shi ba.

Ƙaya 13 ke jere a bayansa,
Kowace da jakar dafi 2, ba ɗaya ba.

Nauyin mai takawa ke matse jakar,
Shi bai kai wa kowa hari ba.

A sa takalmi mai kaurin tafi,
Silifar roba ba za ta tare ba.

Na biyu kifin zaki, a fili yake,
Bai ɓoye kansa ga kowa ba.

Zane ja da fari a tsaitsaye,
Fiffike a baje, ba a naɗe ba.

Ƙayarsa mai dafi 18 ce,
13 a baya suke, ba a gefe ba.

3 ta ƙasa wajen bindi, 2 a ciki,
Na gefen nan masu kyau ba su ne ba.

Ko ya mutu an kai shi kasuwa,
Dafin ƙayar bai mutu ba.

Tun 1985 aka gan shi a Fulorida,
Can kuwa ba ruwan kakanninsa ne ba.

Taimakon farko guda ne ga su ukkun,
Ruwan zafi, ba ƙanƙara ba.

A fito da mutum bakin gaɓa tukuna,
A cire zobe tun bai kumbura ba.

Zafin kar ya haura digiri 45,
Ba tafasasshe daga kan wuta ba.

Mai lafiya ya fara tsoma hannunsa,
Wanda aka soka ba zai ji ƙuna ba.

A jiƙa minti 30 har zuwa 90,
Ana ƙara ruwa tun bai huce ba.

Kar a ɗaure da igiya, kar a tsaga,
Tsotsa da baki ba ta taɓa raba dafi ba.

Ƙayar kunama in ta shige ƙirji ko ciki,
A bar ta a nan, ba kai za ka zare ba.

Sannan asibiti, a ɗauki hoton wurin,
A tabbatar guntun ƙaya bai saura ba.

Kifin dutse yana da makari tun 1959,
Na Ostareliya, ba ko'ina ake da shi ba.

Wanda ya ci talibamban leɓe ya mace,
Inda injin numfashi yake, ba gida ba.

Ɗalibi, unguwar Zariya:

Iyayena, ga hoto daga Jidda,
Kai ya leƙo daga ramin murjani.

Dogo ne, baki na buɗewa yana rufewa,
Maciji ne? Ku ba ni bayani.

Tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, Sabon Gari:

Ƙanena, kwantar da hankalinka,
Kifi ne wannan da ke hotonka.

Macijin teku ba shi Bahar Maliya,
Ba shi Atilantika gaba ɗaya.

Amma a Dubai, Tekun Fasha, akwai shi,
Indiya da Malesiya ma ana ganin shi.

Bindinsa a baje kamar filafili,
Ɓawo a jiki, ana gani a fili.

Huhu gare shi, dole ya taso sama,
Dafinsa na kisa, ba a kama.

Naka ba ɓawo, fata ce mai santsi,
Yana son rami, wurin da ke da matsi.

Fiffike guda ya bi tsawon baya,
Har ƙarshen bindi tun daga ƙeya.

Buɗe bakin nan numfashi ne kawai,
Mai sa hannu a rami shi ka shan cizo sosai.

Daga kan jirgi in fiffike ya ɓullo,
Bindi za ka bi da kallo.

Na shak a tsaye, dama da hagu yake kaɗawa,
Na dolfin a kwance, sama da ƙasa yake bugawa.

Mafi yawan shak tsaga 5 ne a wuya,
Dolfin huda ce a tsakar kai guda ɗaya.

Shak mai ɗigon fari, mita 12 tsawonsa,
Ƙananan halittu ne abincinsa.

A gaɓar Jibuti suke taruwa,
Nuwamba zuwa Janairu suke zuwa.

Ayun Kwara bindinsa kewayayye,
Na Bahar Maliya kuwa rababbe.

Ciyawar ƙasan teku yake kiwo,
Dugon ne, ba ya ji wa kowa ciwo.

Hajiya mai fatauci, Ɗan Gulbi:

Ƴaƴana, kun tsallake bakin gaɓa,
Inda mata da yara ke tsintar wuri.

Wurin da kakanni suka yi ciniki da shi,
Daga Maldib aka kawo shi gari gari.

Bayansa a dunƙule, yana sheƙi,
Cikinsa tsaga ce mai haƙora a tsari.

Amma akwai wani mai zane kyakkyawa,
Siffarsa irin ta mazurari.

Gefe guda faffaɗa, guda mai tsini,
Ƙofarsa layi ne dogo siriri.

In da mai rai ciki, ta tsinin nan
Yake harbo kibiyar dafi da sauri.

Tana huda safar hannu da aljihu,
Kuma har yau ba ta da makari.

Mafi muni, santimita 10 zuwa 15,
Launin ƙasa da dabbaren fari.

Ko ta faffaɗan gefe ka riƙe shi,
Yana lanƙwaso hanci, akwai haɗari.

A gaɓar Atilantika teku kan turo
Wata jaka shuɗiya mai iska, ba kauri.

Zarenta na kai mita 10 a ruwa,
Ko ta mutu a yashi tana kai hari.

Kar a murza, kar a zuba ruwan sha,
A wanke da ruwan teku mai gishiri.

A ɗauke zaren da tsinke ko kati,
Sannan ruwan zafi, a yi haƙuri.

Ɗiyata, ana ta zancen ruwan khal,
Ina wurinsa a wanga tsari?

Ma'aikaciyar jinya, Tibiri:

Inna Hajiya, khal yana da mai shi,
Halittar teku da ba ta bar wa mutum lokaci ba.

Kusurwa 4 gare ta, siffar akwati,
Garau take, ba a cika hango ta ba.

Zare na saukowa daga kowace kusurwa,
Ba daga tsakiyar jiki ba.

Tailan, Filifin, arewacin Ostareliya,
Mai iyo can ba zai raina ta ba.

A kwarara khal daƙiƙa 30 aƙalla,
Ya kashe ƙwayoyin da ba su harba ba.

In numfashi ya tsaya a fara danna ƙirji,
Tun motar asibiti ba ta iso ba.

Malam na Bagalam:

Saura ƙananan kifayen murjani masu ado,
Su suka fi yawa a abin da ake turowa.

Jinsin kifin Bahar Maliya ya haura 1,200,
Kusan 1 cikin 10 nan kaɗai suke rayuwa.

Mai ruwan lemo da farar ɗamara,
Cikin furen teku mai harbi yake fakewa.

Ɗamara 2 na Bahar Maliya ne,
Mai 3 a Indonesiya ake tararwa.

Ka sa hoton a shafin intanet na iNaturalist da sunan gari,
Masana na ƙasashe suna dubawa.

Shafin FishBase na da adadin ƙayar kowane jinsi,
Ka gwada da wadda ka gama ƙirgawa.

Akwai faffaɗa mai ƙaramin baki,
Layi baƙi da fari a kwance suna gudanawa.

Dubi gindin bindinsa, dama da hagu,
Ɗigon ruwan lemo ne ke nunawa.

Aska ce a nan, tana kwance a kube,
In ya fizga jiki take fitowa.

In za ka juya shi don ɗaukar hoto,
Ta kai, da tsumma mai kauri ake kamawa.