Macijin masara ya amayar da ɓeran da aka ba shi: wa ke da masaniya?

Maman Biyu (Marilan): Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah akwai wanda ya san kiwon maciji a cikinku? Babban ɗana ne ya nace sai da Babansu ya saya masa wanda ake kira macijin masara, mai ruwan lemo da jajayen zane a gadon baya. Ƙarami ne, kaurinsa bai wuce na biro ba. An ba shi jinjirin ɓera ya haɗiye, washegari muka tarar ya amayar da shi, ga wari. Yaron duk ya shiga damuwa, ko abincin kirki bai ci ba. Mu sake ba shi wani yau?

Kawu: Wa alaikumus salam. 'Yata, maciji a cikin gida, ga yara? Ni a ƙasar Gombe na tashi, na ga yadda kububuwa ke yi wa manoma lokacin girbi. Asibitin Kaltungo ba ya rabo da waɗanda aka sara. Gaskiya hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Fulorida: Kawu, Allah ya ƙara girma, tsoronka yana kan hanya, amma wannan ba shi da dafi ko kaɗan. Ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka ne, ana samunsa a jihohin Karolina da Jojiya da nan Fulorida har Luwiziyana. Nannaɗe ɓera yake yi ya matse shi, kuma neman ɓerayen ne ya sa manoma ke ganinsa kusa da rumbunan masara. Ko ya kai cizo, bai wuce ƙarzane ba.

Anti, kada a ba shi komai yau. Amai yana wahalar da maciji ƙwarai, ruwan cikinsa yana ƙona masa maƙogwaro. A bar shi kwana 10 zuwa 14, ruwa kawai, sannan a gwada ɓeran da bai kai na farko girma ba. In aka yi gaggawa ya sake amai, a nan ne ƙaramin maciji ke lalacewa. Amma faɗa mini, zafin akwatin nawa ne? Kuma an ɗauke shi bayan ya ci?

Maman Biyu: Babu ma'auni a ciki. Akwai dai shimfiɗar ɗumi ta lantarki a ƙarƙashi, akwatin kuma yana kusa da inda iskar esi ke fitowa. Ɗauka kam an ɗauke shi, abokansa sun zo da yamma kowa sai da ya riƙe.

Ɗan Fulorida: To ga dalilin nan, biyu ma a haɗe. Maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi, da zafin wurin da yake kwance yake narkar da abinci. In wurin ya yi sanyi, ɓeran sai ya fara ruɓewa a ciki kafin ya narke, dole ya fitar da shi. Gefe ɗaya na akwatin ya zama kusan digiri 85 a ma'aunin nan Amurka, wato 29 a irin namu na gida, ɗaya gefen kuma kusan 75, wato 24. Shi da kansa zai riƙa kai da komo tsakaninsu. Shimfiɗar ta tsaya a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan akwatin.

Abin da nake roƙo a saya kafin komai shi ne na'urar daidaita zafi, wadda ke yanke wuta in ɗumin ya kai inda aka saita. Shimfiɗa ba tare da ita ba tana iya ƙona masa ciki, kuma maciji yakan ci gaba da kwanciya a kai yana ƙonewa bai matsa ba. Na taɓa ganin na wani maƙwabcina, ɓawon cikinsa ya yi ja ya tashi, sai da ya yi saɓa da yawa kafin wurin ya warke. A haɗa da ma'aunin zafi mai lamba guda biyu, kowane gefe ɗaya. Irin mai allura da ake mannawa a gilashi ba abin dogaro ba ne. Dutsen ɗumin nan mai wayar lantarki da ake sayarwa kuwa a bar shi a shago. A kuma janye akwatin daga bakin esi.

Sai ɗauka: in ya ci, awa 48 babu mai taɓa shi.

Hajiya (Ingila): Ƙanwata, sannu da fama. Jikana na da irinsa, ni ke kula da shi in ya tafi makaranta, har na saba. A nan daskararren ɓera kowa ke saya, saboda dokar kare dabbobi ta 2006 ta hana a jawo wa dabba wahala babu dalili. Ko ba doka ma, rayayyen ɓera yana cizon maciji ya ji masa rauni. Yadda nake yi: in ciro shi daga firiza, in sa a leda mai zif ya kwana a firij, da safe in tsoma ledar a ruwan ɗumi har in taɓa cikinsa in ji babu sauran ƙanƙara. Ban da makirowef, waje zai dahu ciki na daskare. Sannan in kama shi da dogon hantsaki in ɗan girgiza a gabansa. Za ki ga ya fara fito da harshe da sauri, wuyan ya lanƙwashe, sai caraf. Kada yaron ya miƙa da hannu, kar macijin ya haɗa warin ɓera da yatsa.

Girman ɓeran ya yi daidai da inda jikin macijin ya fi kauri, ko ya ɗara kaɗan. Ƙarami irin naku duk kwana 5 zuwa 7, babba duk kwana 10 zuwa 14.

Anti Nas: Ni ta ɓangaren yara zan shigo. Maman Biyu, ƙaramar 'yarki shekarunta nawa?

Maman Biyu: Uku, Anti.

Anti Nas: To ita kada ta taɓa shi sam. Macizai da ƙadangaru da kunkuru suna ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsu ko da lafiyarsu ƙalau, kuma tana kawo zawo da zazzaɓi mai tsanani ga ƙananan yara. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce 'yan ƙasa da shekara 5, da waɗanda suka haura 65, da masu raunin garkuwar jiki su nisanci irin waɗannan dabbobi. Daskararren ɓeran ma yana iya ɗauke da ita. A ware masa roba mai murfi a firiza nesa da nama, a ware kwanon narkarwa, kuma kar a wanke kwanon ruwansa a wurin wanke-wanken kicin. Yayan ya wanke hannu da sabulu duk sanda ya buɗe akwatin. A sa wa ƙofar ɗakin sakata.

Na Jojiya: Abu ɗaya zan ƙara ga duk mai shirin ƙaura: kowace jiha da dokarta. A nan Jojiya an hana ajiye macizan da asalinsu na jihar ne marasa dafi, har da wannan, ko da a wata jiha ka sayo shi. Hawai kuwa babu macijin da ake bari a shiga da shi. Masu gidan haya su duba takardar yarjejeniya.

Kawu: Na ji bayaninku, na gode. Ni dai ba zan ajiye ba. Amma tunda ya riga ya shigo hannunku, 'yata, ki tuna wa yaron hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba. Duk ran da ka tsare, hakkinsa na wuyanka.

Ɗan Fulorida: Wannan gaskiya ne Kawu, kuma hakkin mai tsawo ne, don yana kai shekara 15 zuwa 20 a hannun mai kula. Yaron zai tafi jami'a macijin na nan. Zai kai tsawon ƙafa 4 zuwa 5, lokacin sai akwati mai ƙafa 4 a tsawo, 2 a faɗi, 2 a tsayi.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Sauran tambaya ɗaya: kullum yana ɓoye a ƙarƙashin kwanon ruwa, ba ya fitowa sai dare. Ciwo ne?

Hajiya (Ingila): Maɓoya yake nema. A sa masa biyu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, matsattsu yadda jikinsa zai taɓa bango. Ko kwalin magani da aka huda wa ƙofa ya isa. Ƙasan akwatin a zuba ɓarɓashin katakon aspen. Na itacen sida (cedar) da na fain (pine) suna da mai da ke cutar da numfashinsa. Kuma wata rana za ki ga idonsa ya yi fari-fari, launin jikinsa ya dushe, ya ƙi abinci. Kar ki tsorata, saɓa zai yi. Ki sa jiƙaƙƙen gansakuka a maɓoya ɗaya, danshin akwatin ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60. In ya tuɓe, ki buɗe saɓar ki duba ko murafun ido biyu da ƙarshen wutsiya sun fita tare da ita, don in ta maƙale a wutsiya tana tsayar da jini.

Ɗan Fulorida: Tun yanzu ki nemi lambar likitan dabbobin da ke duba masu jan ciki, ba kowane ne ke karɓarsu ba. In ya sake amai bayan an gyara zafin, ko kika ji yana huci, ko ya riƙa buɗe baki da majina, ko kika ga ƙananan baƙaƙen ƙwari na yawo a kusa da idonsa, a kai shi ranar. Yaron ya samu littafi yana rubuta ranar ci, ranar saɓa, da nauyinsa a ƙaramin sikeli, likita zai tambaya. Murfin akwatin kuma yana da abin maƙalewa?

Maman Biyu: A'a, ɗora shi kawai ake yi.

Ɗan Fulorida: A sayo maƙalai huɗu yau tare da na'urar. Ƙarami irin wannan da hancinsa yake ture murfi, kuma duk ramin da kansa ya shiga, sauran jikin zai bi.