Wa ya kashe Jamhuriya ta Uku a Nijar?

Malam Habu: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Kullum sai a ce dimokuraɗiyya ba ta karɓi Nijar ba, kuma masu faɗin haka ko kundin tsarin mulkin Disamba 1992 ba su taɓa buɗewa ba. Shi ne kundin da ya kafa Jamhuriya ta Uku, kuma matsalar a cikinsa take. An kwafo tsarin Faransa mai kai biyu: shugaban ƙasa na jama'a, firaminista na masu rinjaye a majalisa, ba a kuma fayyace wa ke da ta cewa idan suka saɓa ba. Shugaba Mahamane Ousmane ya rusa majalisa a Oktoba 1994, aka yi zaɓe a Janairu 1995, 'yan adawa suka samu kujeru 43 cikin 83, dole ya karɓi Hama Amadou na jam'iyyar MNSD a matsayin firaminista. Daga nan aka shiga zaman 'yan marina. Shugaba ya ƙi kiran taron ministoci, firaminista yana sauya shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardarsa ba. Benin ta yi nata taron ƙasa a 1990, ta zaɓi tsari mai kai ɗaya, ba ta faɗa wannan ramin ba. Shekara guda ana haka har soja suka zo gyara ranar 27 ga Janairu 1996.

Ɗan Damagaram: Gyara? Malam Habu, ka ji tsoron Allah. Ousmane, mutumin da jama'a suka zaɓa a zagaye na biyu cikin Maris 1993, shugaban farko da aka zaɓa cikin takarar jam'iyyu da yawa a tarihin ƙasar, a tsare shi da bindiga ka ce gyara? Janye kalmar nan tukuna.

Malam Habu: Ɗan'uwa, kan kundin nake magana. Karanta sauran.

Ɗan Damagaram: Ba zan wuce ta ba. Ga abin da Baré Maïnassara, jagoran juyin mulkin 1996, ya yi: ya kawo sabon kundi a Mayu 1996, ya tsaya takara da kansa, aka yi zaɓe ranakun 7 da 8 ga Yuli. Ana tsakiyar aikin ya rusa hukumar zaɓe ta CENI, ya naɗa wata tasa, aka yi wa sauran 'yan takara ɗaurin talala a gidajensu, aka ce ya ci kashi 52 tun zagayen farko. Wane sashe na wannan ne gyara?

Hajiya Rabi: Na yarda 1996 ɓarna ce. Amma akwai juyin mulkin da ya cancanci sunan, shi ne na 18 ga Fabrairu 2010. Salou Djibo, sojan da ya kifar da Shugaba Tandja, bai tsaya takara ba, an hana 'yan gwamnatin riƙon ƙwarya tsayawa, aka yi zaɓen raba gardama kan sabon kundi a ƙarshen Oktoba 2010, aka miƙa mulki ranar 7 ga Afrilu 2011. Wata 14 ba su cika ba. Ma'aunin kenan: shin mai bindigar ya shiga takara, kuma ya sauka a lokacin da ya ɗiba?

Alhaji Mamman: Hajiya, kin kira shi gyara ne saboda wanda ya amfana. Da wani ne ya ci zaɓen 2011 ba Mahamadou Issoufou na jam'iyyar PNDS ba, da wani suna za ki ba shi. Baba Tandja jama'a ce ta roƙe shi ya yi tazarce ya ƙarasa ayyuka: madatsar Kandadji, matatar mai ta Damagaram, gada ta biyu a Yamai. An je ga akwati ranar 4 ga Agusta 2009, sama da kashi 90 suka ce e.

Hajiya Rabi: Alhaji, da girmanka, akwatin da 'yan adawa suka ƙaurace wa? Kundin 1999 ya ce wa'adi biyu na shekara biyar biyar, ya kuma kulle wannan ayar, ba a taɓa ta ko da gyaran kundi. Kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta faɗa masa haka. Ya rusa majalisa a Mayu 2009, kotu ta soke dokar kiran zaɓen a Yuni, ya rusa kotun ita ma kafin watan ya ƙare. Tazarce juyin mulki ne, farar hula kawai ya yi shi.

Alhaji Mamman: To zaɓen 2016 fa? Hama Amadou yana kurkukun Filingué aka yi zagayen farko, zagaye na biyu aka ce Issoufou ya ci kashi 92. Ku ma ga naku casa'in ɗin.

Ɗan Damagaram: Ku biyun nan, PNDS ta Hajiya da MNSD ta Alhaji, ku ne kuka haɗa kai a 1995. Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista a Satumba 1994, ya fitar da PNDS daga ƙawancen AFC da ya kawo Ousmane mulki, ya koma wajen MNSD ɗin da aka haɗu don a kayar, ya samu shugabancin majalisa. Cin amanar nan ita ta kawo soja.

Hajiya Rabi: Ka tambayi dalilin murabus ɗin. Ousmane ne ya fitar da doka ya janye wasu ikon ofishin firaminista ya mayar fadarsa. Wa zai zauna?

Baba Ilu: 'Ya'yana, duk kun fara lissafi daga tsakiya. Gyaran farko na Faransa ne, a 1958. Djibo Bakary ke jagorancin gwamnati, jam'iyyarsa Sawaba ta ce a'a a zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba kan zama cikin tarayyar Faransa. Aka turo gwamna Colombani, aka ja sarakuna, aka kayar da ita, a 1959 aka haramta jam'iyyar. Ranar 3 ga Agusta 1960 ƙasa ta samu 'yanci da jam'iyya ɗaya tak, PPN ta Diori Hamani. Shekara talatin babu takara, har sai da aka zubar da jinin ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990.

Alhaji Mamman: Baba, Sawaba ma ta ɗauki makamai a 1964, a 1965 an jefa wa Diori gurneti a filin idi. Kada a wanke ta tas.

Baba Ilu: Bayan an haramta ta, an kori shugabanninta. Ka bi jerin shekarun.

Malam Habu: Har yanzu ba wanda ya taɓa tambayata. Kundin 1999 ma mai kai biyu ne, amma an raba ikon filla-filla, ya kuma yi shekara goma. Wannan bai nuna rubutun 1992 ne ya gaza ba?

Ɗan Damagaram: Ya yi shekara goma ne saboda Ousmane ya mara wa Tandja baya, ya riƙe masa majalisa. Kundin nan kuma shi ya yi wa masu juyin 1996 da 1999 afuwa, shi ya sa har yau ba a hukunta kowa kan kisan Baré a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999 ba. Kai dai ka janye gyara.

Shugaban zaure: Dare ya yi, bari in taƙaita. An gamsu cewa rikicin CDS ta Ousmane da PNDS ne ya rusa Jamhuriya ta Uku, kuma zamanin Baba Tandja ne ƙasa ta fi samun kwanciyar hankali, juyin 2010 ya katse ayyukan alheri. Batun Sawaba ya fita daga maudu'i. Allah ya saka wa kowa.

Hajiya Rabi: Shugaba, wa ya gamsu? Firaministan da suka yi ta kai ruwa rana da Ousmane a 1995 ɗan MNSD ne, ka tsallake shi. Ka tsallake kotun da aka rusa a Yuni 2009. Ka tsallake 2 ga Afrilu 2021, ranar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki karon farko tun 1960. Kada a rufe zauren, gobe ina so Alhaji ya faɗa mini ayar da ta ba Tandja ikon rusa kotu.