Muhawara: waɗanda suka yi dariya a bakin rijiya

Maikallo: Assalamu alaikum. Wallahi tun daren jiya raina a ɓace yake, in ban amayar ba ba zan samu sukuni ba. Na je kallon fim ɗin ban tsoron nan da ake ta zancensa, wanda mutum ya kashe amininsa saboda bashi, ya jefa gawar a tsohuwar rijiya, ya sa aka rufe bakinta da siminti. Tun daga ranar, kullum tsakar dare sai ya riƙa jin wayar mamacin tana kuka daga ƙarƙashin ƙasa, kuma shi kaɗai ke ji. Akwai wurin da uwar mamacin ta dafa kansa tana cewa "ɗana, kai kaɗai ka rage mini," shi kuwa gumi na keto masa. Da ta tafi ya durƙusa a bakin rijiyar yana kartar siminti da farce har jini ya fito, yana kuka yana roƙon a yafe masa. Ni hawaye nake yi. Sai kawai 'yan layin bayana suka tuntsire da dariya, har da mai kwaikwayon kukan. Ina tausayi ya tafi? Ni dai na ce zukatan masu kallon yanzu sun ƙeƙashe, fim mai ma'ana ya fi ƙarfinsu.

Uwar Biyu: Tausayi? Tausayin wa, ɗan'uwa? Na wanda ya fasa kan amininsa? Ni ma na kalla. Tsohuwar nan da ke yawo da hoton ɗanta tana tambayar duk wanda ta gamu da shi, ita ce abar tausayi. Ka tsallake ta ka je kana zubar wa makashi hawaye.

Maikallo: Yaya, ba ki fahimce ni ba. Maganar masu dariya nake yi.

Uwar Biyu: Na fahimce ka sarai. Kai ka ce tausayi, ba ni na sa maka a baki ba.

Baban Yara: 'Yata, tausayi ba lada ba ne da ake biyan mutumin kirki. Mutumin da zuciyarsa ke cin sa da ransa, ba barci, ba ci, ba sha, ko maƙiyinka ne ka gan shi haka sai jikinka ya yi sanyi. Ba Allah Ya rantse da rai mai yawan zargin kansa ba, a aya ta 2 ta Suratul Ƙiyama? Ga kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya kashe rai 99, ya cike na 100 da wanda ya ce masa ba shi da tuba, amma da ya kama hanyar tuba da gaske rahama ta riske shi. To mu su wa da za mu hana tausayi?

Mai Allo: Baba, a gafarce ni, an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Nadama daban, tuba daban. A duba Suratul Ma'ida, aya ta 27 zuwa 31. Ɗan Adamu ya kashe ɗan'uwansa, Allah Ya aiko hankaka yana tonon ƙasa don ya nuna masa yadda zai binne gawar, sai ya wayi gari cikin masu nadama. Malaman tafsiri da yawa sun ce nadamar tasa ba tuba ba ce. Shi mai rai 100 ɗin ai tashi ya yi ya bar garinsu yana neman mafita. Na cikin fim ɗin nan me ya yi? Ya zauna ya ƙara siminti a kan siminti. Wayar ce ta hana shi barci, da ta yi shiru da ya ci gaba da harkokinsa. Wannan tsoro ne.

Baban Yara: Malam, ka tsaga ƙirjinsa ka gani?

Mai Allo: Ɗan wasa ne, Baba. Abin da aka nuna mana shi muke wa hukunci.

Ɗalibar Likita: Ku yi haƙuri in sa baki kan dariyar, tunda ita aka fara kawowa. Idan mutum ya firgita, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda suna sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sama, tafin hannu ya jiƙe. Ga shi kana zaune a kujera, ba gudu ba faɗa, dole abin ya nemi mafita. Wani ihu zai yi, wani ya ƙanƙame na kusa da shi, wani kuma dariya ce za ta kuɓuce masa, musamman saurayi a cikin abokansa da ba ya son a ce ya tsorata. Ba lallai mugunta ba ce.

Uwar Biyu: Ƙanwata, bar su. Ni ko da gangan suka yi dariyar ban ga laifinsu ba. Ya karci siminti har farcensa ya cire, ɗan mutane dai ba zai dawo ba.

Maikallo: Subhanallahi. Kin ga irin abin da nake faɗa ke nan.

Uwar Biyu: Kar ka yi mini salati. Ni na san gidan da aka kashe musu ɗa. Shekara da shekaru uwar ba ta yarda a taɓa ɗakinsa ba, takalmansa na nan a bakin ƙofa yadda ya cire su. Ba wanda ya yi fim a kanta. Kullum kyamara na kan fuskar mai kisa, gumin sa, mafarkin sa, rawar hannunsa. Wanda aka kashe ko minti 10 ba a ba shi ba, sai aka mayar da shi ƙarar waya.

Mai Gilashi: Wannan magana ta Yaya tana da tushe, kuma salon ya daɗe. Tun 1843 marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya fitar da gajeren labarin mutumin da ya kashe wani tsoho, ya ɓoye gawar ƙarƙashin katakon ɗaki, ya riƙa jin bugun zuciyar mamacin har ya tona wa kansa asiri a gaban 'yan sanda. Daga bakin makashin aka ba da labarin gaba ɗaya. Bugun zuciya ne ya koma waya, shi ke nan. Sannan a masana'antar fim ta Amurka an yi wata ƙa'idar tace finafinai da aka tsaurara daga 1934 har aka yi watsi da ita a 1968, wadda ta hana a ja tausayin mai kallo zuwa ɓangaren laifi. Su kansu sun san tausayin mai kallo abu ne da ake jan akalarsa. Shi ya sa da makashin fim ɗin nan ya fasa rijiyar da kansa a gaban uwar, aka ciro wayar ta daɗe da mutuwa cikin ruwa, ban yi mamaki ba.

Auta: Haba Yaya! Gobe zan je kallo, ka zo ka faɗi ƙarshen? Wannan wace irin ɗabi'a ce?

Mai Gilashi: Wanda bai kalla ba me ya kawo shi cikin zancen?

Auta: Ba yau ka fara ba. Haka ka yi mana wancan karon, aka yi maka magana ka ce ba ka sani ba. Kowa ya san don a ce kai ne masani kake yi.

Mai Gilashi: Ƙanena, iya bakinka. Ni ba sa'anka ba ne.

Mai Allo: Tsaya, wayar a mace take? To ashe babu fatalwa ma, duk a kansa abin yake. Ka ga maganata ta fito, firgici ne ya haukata shi.

Baban Yara: A'a, tawa ce ta fito. In babu fatalwa, wa ya tilasta masa ya fasa rijiyar? Babu mai zarginsa, babu shaida. Zuciyarsa ce ta kai shi. Wannan in ba tuba ba mene ne?

Uwar Biyu: Baba, kullum kai kana bayan mai laifi. Ran da aka yi zancen mai dukan matarsa ma cewa ka yi a yi masa uzuri.

Baban Yara: Ban ce haka ba, kuma ki ji tsoron Allah. Cewa na yi a ji ta bakinsa.

Auta: Ni dai a ba ni haƙuri kan ƙarshen fim ɗin da aka ɓata mini.

Baban Yara: To, dare ya yi, bari in tattara a matsayina na babba. An yi bayani da aya da hadisi cewa mai nadama abin tausayi ne, kuma ƙarshen fim ɗin ya gaskata hakan, tunda da ƙafarsa ya kai kansa. 'Yarmu mai karatun likita ta tabbatar cewa masu dariyar ma tsoro ne ya kama su, wato fim ɗin ya ratsa su. Malam ya kawo ƙarin haske, mun gode. Sauran maganganun zafin rai ne, Allah Ya huci zuciyar kowa.

Mai Allo: Baba, ba ƙarin haske na kawo ba, saɓa maka na yi, kuma har yanzu ina kan bakana.

Uwar Biyu: Zafin rai ka kira maganar uwar da aka kashe wa ɗa? A duk tattarawar nan taka ko sau ɗaya ba ka ambaci tsohuwar ba. Tana tsaye a bakin rijiyar ana ciro ƙasusuwan ɗanta, hoton na hannunta, kai kuma fuskar wanda ya jefa shi kake kallo.